Karfasa a Gulbin Rima: Tarihin Su da Kiwon Kifi a Kewayen Runjin Sambo

Unguwar Runjin Sambo tana ɓangaren yammacin birnin Sakkwato, a kan hanyar da ke fita daga gari ta gangara cikin fadamar Rima, ta haye gadar Kwalkwalawa, sannan ta nufi mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Runji, ko rinji kamar yadda ake faɗa a gabashin ƙasar Hausa, ƙauyen noma ne da wani babba kan kafa a bayan ganuwa ya zaunar da bayinsa domin aikin gona, kuma irin waɗannan ƙauyuka sun kewaye Sakkwato tun bayan da Muhammadu Bello ya kafa birnin a shekarar 1809. Bunƙasar da garin ya yi bayan ya zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967, da kuma kafa jami'a a 1975, ita ce ta haɗiye wurin har ya koma unguwa mai gidajen ma'aikata da shaguna da tashar ababen hawa. Kusancinsa da gulbi kuwa bai sauya ba, domin kifin da masunta ke fitarwa a Kwalkwalawa ta wannan hanya yake shiga gari, kuma a cikin wannan kifi da wuya a rasa karfasa, wadda wasu ke kira gargaza.

Karfasa ɗaya ce daga cikin babban dangin kifaye da masana ke kira Cichlidae, dangin da aka tantance fiye da nau'i 1,600 a cikinsa, mafi yawansu a Afirka, sauran kuma a Amurka ta Kudu da ta Tsakiya da wasu sassan Asiya. Ana gane su da faɗin jiki, da jerin ƙayoyi masu kaifi a gadon baya, da kafar hanci guda ɗaya a kowane gefen kai maimakon biyu da yawancin kifaye ke da su, sannan suna da wasu haƙora na biyu a cikin maƙogwaro waɗanda ke niƙa abinci bayan baki ya kamo shi. Abin da ya fi bambanta su da sauran kifayen gulbi shi ne renon 'ya'ya. Tarwaɗa takan zuba dubban ƙwai a kan ciyawar da ruwa ya shanye ta yi tafiyarta, abin da ya rayu ya rayu, amma karfasa ƙwanta bai kai haka yawa ba, saboda haka take tsaronsa har ya ƙyanƙyashe, ta kuma ci gaba da tsaron 'ya'yan har su iya gudu da kansu. Daga wannan tsaro faɗanta ya samo asali, kuma kusan duk abin da ya same ta a hannun ɗan Adam, a kududdufin kiwo ne ko a akwatin gilashi, yana komawa ga wannan hali guda.

Sunan karfasa a bakin masunta ya tattara nau'o'in da masana suka rarraba, kuma rabon da Ethelwynn Trewavas, masaniyar kifi ta gidan adana kayan tarihi na Landan, ta yi a littafinta na 1983 ya dogara ne galibi a kan yadda kowanne ke reno. Nau'in da ya fi girma kuma ya fi daraja, wato Oreochromis niloticus, namijinsa ne ke haƙa rami mai siffar akushi a cikin yashi ko laka inda ruwa bai da zurfi, ya tsaya a kai yana korar duk namijin da ya matso, idan tamata ta zo ta zuba ƙwai ya barbare su, sai ta kwashe su duka a bakinta ta bar masa raminsa. Takan riƙe su kimanin mako ɗaya zuwa biyu ba ta cin komai, tana juya su da ruwan da take shaƙa domin kada su ruɓe, kuma ko bayan ta saki 'ya'yan, da zarar sun ga inuwar abin tsoro sai su ruga su koma cikin bakin. A nau'i na biyu, Sarotherodon galilaeus, uwa da uba duka suna ɗaukar ƙwai a baki. Na uku, wanda aka daɗe ana kira Tilapia zillii, ba ya ɗauka a baki sam, sai dai ma'auratan su share wani wuri a ƙasa su manna ƙwan, su tsaya gadi tare, kuma shi ne ya fi sauran zafin kai, ga cin ganye da ɓarnar tsirran ruwa. Akwai kuma 'yan ƙananan danginsu na rukunin Hemichromis, ɗaya mai ɗigo biyar baƙaƙe a gefen jiki wanda abincinsa 'ya'yan wasu kifaye ne, ɗaya kuma ja mai ƙyalli wanda bai wuce tsawon yatsa ba, masunci ba ya ɗaukarsa a bakin komai, alhali a Turai sunansa ya fi na sauran fita.

Kafin a gina madatsun ruwa, gulbi ne ke yin kiwon da kansa. Ruwan saman da ake samu a Sakkwato bai cika wuce milimita 700 a shekara ba, kuma kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka, amma Rima da Gulbin Sakkwato suna kwaso ruwan ƙasar Zamfara da ta Katsina da ta Maraɗi, su haɗu daf da birnin, su tumbatsa su malale fadama mai faɗin kilomita da dama. Wannan ambaliya ita ce lokacin hayayyafa. Ruwa mai ɗumi da ya kwanta a kan ciyawa da kashin shanun da suka yi kiwo da rani yakan cika da gansakuka da ƙananan halittun da ido ba ya gani, waɗanda su ne abincin 'ya'yan karfasa, filin kuma yana da yalwar da kowane namiji zai sami wurin haƙa raminsa ba tare da ya gogi ɗan'uwansa ba. Yawan 'ya'yan ba ya zama matsala, domin giwan ruwa da tsage da tarwaɗa da tsuntsaye suna rage su, waɗanda suka tsira kuwa su sami abinci isasshe su girma. Idan ruwa ya fara janyewa da kaka, kifin ya taru a gurabe masu zurfi da tafkunan da gulbi ya bari a baya, a nan ne aikin masunta ke kankama.

Al'adar su ta ginu ne a kan fahimtar wannan zagaye. A garuruwan bakin gulbi akwai Sarkin Ruwa, wanda shi ke da ikon rufe gurbi ya hana shiga har sai lokaci ya yi, shi ke sa ranar buɗewa, shi ke raba gardama tsakanin masunta, kuma jama'a sun yi imani yana da asirin kada da na iskokin ruwa. A ƙasar Kabi akan yi gyaran ruwa kafin a shiga, a kuma yi fashin ruwa, wato buɗe gurbi ga kowa a rana guda. Malaman jihadi sun soki yanka da roƙon iskoki da ke cikin waɗannan al'adu, kuma da yawansu sun gushe ko sun koma addu'a, amma dokar rufe gurbi ta wanzu, domin amfaninta a fili yake: kifin da aka bari ya huta wata biyu ko uku ya fi nauyi, kuma ba a ƙare irin da zai hayayyafa idan damina ta dawo. Wanda ya ɗauki wannan tsari a matsayin camfi kawai bai yi masa adalci ba.

Ƙwararrun sana'ar su ne Sarkawa, waɗanda tarihi ke danganta asalinsu da Sorko, masuntan daular Songhai, kuma sun zama Hausawa ne a ƙasar Kabi, wadda Kanta ya ɗaukaka a ƙarni na 16 daga birninsa na Surame. Daga nan suka bazu bin ruwa, har zuwa Yawuri da Binuwai da Tafkin Chadi. Kayan aikinsu sun haɗa da homa, wato koma mai baki biyu da ake riƙewa da hannu ana iyo a kan gora, da taru, babbar komar da mutane da yawa ke ja, da birgi da ake wurgawa, da mamari, doguwar igiya mai ɗaruruwan ƙugiyoyi marasa koto, da zago na sukar manyan kifaye. Zaren roba da ya shigo a tsakiyar ƙarni na 20 ya sauƙaƙa saƙar koma ya kuma sa ta daɗe, sai dai ya ba da damar yin raga mai ƙananan idanu wadda ba ta barin ko ɗan kifi, daga baya kuma gurar Mali, wani tarko na sanda da raga da masuntan ƙasar Mali suka yaɗa, ta ƙara matsa wa karfasa, tunda a bakin gaɓa ake dasa ta, daidai inda take haƙa rami. Littafin da Ma'aikatar Gona ta Jihar Arewa ta buga a 1967 a kan kifaye da su a Arewacin Nijeriya, wanda William Reed da Ibrahim Yaro da abokan aikinsu suka rubuta, ya adana sunayen kifaye da na kayan su kamar yadda suke kafin waɗannan sauye-sauye su yi nisa.

Bikin kamun kifi na Argungu reshe ne na wannan al'ada ta fashin ruwa. An faro shi a siffarsa ta yanzu a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabawa, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. A gurbin Matan Fada giwan ruwa ake nema, irin mai nauyin kilo 75 da ya ci gasar 2005 ko mai kilo 78 na 2020, karfasa kuwa ba ta taɓa zama kifin gasa ba, ita ta tukunyar gida ce da kaskon mai suya.

Tunanin a tsare karfasa a kududdufi a ciyar da ita tsoho ne, domin zanen kabarin Nebamun na ƙasar Masar, wanda aka yi wajen shekara 1350 kafin haihuwar Annabi Isa, yana nuna ta a cikin tafkin lambu. Amma a Afirka ta kudu da Sahara gwamnatocin mulkin mallaka ne suka ɗauko shi da ƙarfi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, suna neman hanyar samar wa ma'aikata da talakawa nama mai araha. A Kwango ta Beljiyam an haƙa dubban kududdufai, a Arewacin Nijeriya kuma aka fara gonar kifi ta Panyam a ƙasar Filato a 1951. Dalilin zaɓen karfasa a bayyane yake: tana cin gansakuka da dusa da ganye, tana jure ruwa marar kyau, kuma ba sai an yi mata komai ba take haihuwa. Wannan na ƙarshe shi ne ya rusa shirin. A gulbi karfasa takan girma sosai kafin ta fara ƙwai, amma a kududdufin da ba shi da zurfi, ga ɗumi, ga babu mai farautarta, takan balaga tana wata biyar ko shida, tun ba ta cika tafin hannu ba, ta riƙa haihuwa kusan kowane wata, kuma tunda uwa ce ke tsare 'ya'yan a baki, kaɗan ne ke mutuwa. Tamata ba ta girma saboda azumin reno, namiji yana ƙarar da ƙarfinsa a haƙa da faɗa, 'ya'ya da jikoki suna cinye abincin da aka zuba domin iyaye, ranar kwashewa sai manomi ya tarar da kifi dubbai waɗanda babu na sayarwa a cikinsu. Yawancin kududdufan zamanin Turawa haka aka watsar da su bayan samun 'yanci. A Panyam ma hankali ya fi karkata ga wani kifi da aka shigo da shi daga Turai.

Maganin matsalar a wasu ƙasashe aka samo shi, kuma dukkansa yana komawa ga hana karfasa yin abin da ta fi iyawa. Hanya mafi sauƙi ita ce a zuba mata abokin zama mai cin 'ya'yanta, kamar tarwaɗa ko ramboshi ko Hemichromis mai ɗigo biyar, wato a mayar da aikin da gulbi ke yi da kansa. Hanya ta biyu ita ce kiwon maza zalla, tunda namiji ya fi saurin girma, kuma idan babu tamata ba shi da dalilin haƙa rami. Da farko da hannu ake ware su ɗaya bayan ɗaya, aikin da ke da wahala kuma kuskure kaɗan ke ɓata shi, daga baya masana suka gano cewa barbarar nau'i biyu daban takan ba da 'ya'ya kusan duk maza, a shekarun 1970 kuma aka tabbatar da cewa idan aka cakuɗa sinadarin homon na maza a abincin 'ya'yan kifi a makonninsu uku ko huɗu na farko, kusan dukkansu sukan tashi maza. Karfasar Nilu ta isa Tailan a 1965 a matsayin kyauta daga Yarima Akihito na Japan ga Sarki Bhumibol, a 1988 kuma aka fara wani shiri a Filifin na zaɓen iri mai saurin girma, wanda aka sani da GIFT. Sakamakon haka kifin da asalinsa na Afirka ne ya zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi kiwo a duniya, Sin ce kan gaba, a Afirka kuwa Masar, wadda ke samar da fiye da tan miliyan ɗaya a shekara.

A daidai lokacin da ake wannan a waje, gulbin da ke kiwon karfasa kyauta a Sakkwato ya sauya. Bayan farin farkon shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda ta gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, aka gama ta a 1978 da ƙarfin riƙe ruwa kubik mita miliyan 450, sannan madatsar Goronyo a kan Rima, wadda aka kammala a 1984 kuma ta ninka ta farko girma. An fi tuna Bakolori da kisan manoman da suka yi zanga-zangar neman diyya a Afrilun 1980, amma ɓarnar da ta yi a ƙasa da madatsar ta fi daɗewa ko da yake ba ta yi amo ba. Binciken da W. M. Adams ya wallafa a 1985 ya nuna cewa ambaliyar ta ragu a tsawo da faɗi da daɗewa, manoman fadama sun bar shinkafa sun koma gero da dawa, kamun kifi ya faɗi, masunta da dama kuma sun bar garuruwansu sun bi ruwa zuwa wasu wurare. Ga kifin da hayayyafarsa ta dogara ga malalar ruwa a kan ciyawa, rage ambaliya daidai yake da rage wurin haihuwa. Ƙarancin kifi ya jawo munanan hanyoyi, domin inda a dā ake amfani da magimfa, tsiron da ke sa kifi maye na ɗan lokaci, sai aka koma zuba maganin ƙwari na Gamalin wanda ke kashe babba da yaro, abin da dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta.

A cikin tafkunan madatsun kuwa labarin daban ne. Karfasa tana son ruwa kwantacce mai gaɓa marar zurfi, don haka ta yi yawa a irin waɗannan wurare, kamar yadda aka gani a tafkin Kainji bayan an datse kogin Kwara a 1968, inda aka kafa cibiyar binciken da ta zama Cibiyar Nazarin Kifayen Ruwan Daɗi ta Ƙasa a Sabuwar Busa. Wato kifin bai ɓace ba, wurinsa ne ya ƙaura daga ƙofar masuntan fadama zuwa Goronyo da Bakolori da Yawuri, daga can kuma ya dawo Sakkwato a mota, ɗanye ko banda. Gulbin ma bai daina nuna ƙarfinsa ba: a Satumban 2010 ambaliyar Rima ta cinye ƙauyuka da gonaki, ta yanke hanyar jami'a a wajen Kwalkwalawa, har karatu ya tsaya. Sai dai ruwan da ke zuwa da ƙarfi sau ɗaya a shekaru da yawa ba ya maye gurbin wanda ke hawa a hankali kowace damina ya kwanta wata biyu.

Da kiwon kifi na zamani ya iso biranen Arewa daga ƙarshen shekarun 1990, tarwaɗa ya zo da ita, kuma a unguwannin Sakkwato irin su Runjin Sambo, duk wanda ya gina tankin siminti ko ya kafa na tamfol a bayan gida, kusan ko yaushe ita yake zubawa. Dalilan suna da ƙarfi. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a cikin kai da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye, saboda haka ana iya cunkusa ɗaruruwa a ɗan ƙaramin tanki ba tare da injin hura iska ba, alhali karfasa, idan aka cunkusa ta haka a zafin Afrilu da ke haura digiri 40, iskar oksijin da ke cikin ruwa takan ƙare kafin asuba a wayi gari ta mutu. Tarwaɗa ba ta haihuwa a tanki sai an yi mata allura an matse ƙwan, dabarar da masana daga Faransa da Beljiyam da Holan suka inganta a shekarun 1970 da 1980, wannan kuwa ya sa adadin da aka zuba shi ne adadin da ake ciyarwa. Tana isa kasuwa da ranta a cikin ɗan ruwa kaɗan, tana kuma yin banda mai kyau. Haka Nijeriya ta zama ta ɗaya a duniya wajen kiwon wannan nau'i. Amma tarwaɗa mai cin nama ce, abincinta na buƙatar furotin kashi 40 cikin ɗari ko fiye, wanda ke zuwa daga garin kifi da waken suya masu tsada, kuma kuɗin abinci shi ne mafi yawan abin da mai kiwo ke kashewa. Karfasa kuwa tana girma da furotin kimanin kashi 30, kuma a kududdufin ƙasa da aka zuba wa taki tana samun rabon abincinta daga gansakuka, a cike mata da dusar shinkafa da ƙuli-ƙuli, abubuwan da ƙasar Sakkwato da Kabi ke da su a yalwace. Kifin da abincinsa ke gida shi ne aka bari, aka ɗauki wanda abincinsa ke bin farashin dala, kuma ƙarancin ruwa da wutar lantarki ne suka yanke wannan hukunci. Hunturu ma yana da nasa tasiri, domin idan sanyin ruwa ya sauko ƙasa da digiri 20 a Disamba da Janairu, karfasa takan rage ci ta daina ƙwai.

Halin reno da faɗan da ya hana karfasa zama lafiya a kududdufi shi ne ya sa danginta suka yi farin jini a wurin masu ajiye kifi don ado. An buɗe gidan kallon kifi na farko a gidan namun dajin Landan a 1853, kuma kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya jiragen ruwan da ke zirga-zirga tsakanin Hambag da gaɓar Afirka ta Yamma sun riga sun kai wa Jamusawa jan Hemichromis da kuma Pelvicachromis pulcher, ɗan ƙaramin kifi mai jan ciki wanda George Boulenger ya bayyana a 1901 daga ruwayen Neja Dalta, wanda har yau yana cikin kifayen ado da aka fi sayarwa a duniya. Abin da ya ja hankalin masu ajiye su shi ne ana iya zama a kalli yadda suke neman aure da share wurin ƙwai da kiwon 'ya'ya a garke. Konrad Lorenz, masanin halayyar dabbobi ɗan Ostiriya wanda ya sami kyautar Nobel a 1973, ya bayyana a littafinsa na 1963 a kan faɗa cewa idan aka bar ma'aurata su kaɗai a akwati, babu wanda namiji zai huce a kansa, yakan juya kan tamatar har ya kashe ta, amma idan aka sa wasu ma'auratan a gefe aka raba su da gilashi, kowane namiji sai ya ƙare da maƙwabcinsa, gida ya zauna lafiya, kuma da zarar gansakuka ta rufe gilashin har ba sa ganin juna sai dukan tamata ya dawo.

Ka'idojin da masu wannan sha'awa ke bi a yau daga irin wannan lura suka fito. Akan jera duwatsu da fasassun tukwane domin su tare gani, kowane kifi ya sami lungunsa, akan sa namiji ɗaya da mata uku ko huɗu a nau'o'in da ke reno a baki domin kada matsi ya taru a kan guda, kuma ga kifayen duwatsun Tafkin Malawi, tafkin da ke da ɗaruruwan nau'o'in wannan dangi waɗanda babu su a ko'ina, akan cika akwatin da gangan domin mai faɗa ya rasa wanda zai ware, muddin ana tace ruwan ana sauya wani kaso duk mako. Tamatar da ta ɗauki ƙwai ana gane ta da kumburin maƙoshi da ƙin abinci, sai a ware ta har ta saki 'ya'yan. Abinci kuwa dole ya bi halittar hanji, domin masu kankarar gansakuka hanjinsu dogo ne, idan aka cika su da tsutsa da nama cikinsu yakan kumbura su mutu, masu farauta irin Hemichromis kuma ba sa ƙoshi da ganye. A Nijeriya cinikin kifin ado ya fi ƙarfi a Legas, inda ake tara na daji daga ruwayen kudu a tura Turai da Amurka da Asiya ta jirgin sama. A Sakkwato akwatin gilashi bai wuce kayan ƙawa na otal da ofis da falon masu hali ba, kuma yawancin kifin da ke cikinsa daga kudu ake kawo shi, ko da yake jan Hemichromis ɗin da ake saye da tsada a Turai danginsa na cikin ruwayen Arewa, inda yake faɗawa komar yara a bakin gaɓa a soya shi tare da sauran ƙananan kifi.